Juwan na Uku a Moton Baba Halidu

Ni Alƙasim, shekara ashirin da shida ina kwance injin moto, wato babur, a bakin tashar Buza, kuma kowa ya san halina. Idan ka kawo mini aiki ka tsaya a kaina kana koya mini, zan miƙa maka kile, wato sifana, in koma inuwa in zauna, ka gyara abinka. Matata Sa'ida ta ce zuciyata ta fi injin da ba mai saurin ɗaukar zafi, ban kuwa musa mata ba. Abu guda nake taƙama da shi, aikina ba ya dawowa. To, moton Baba Halidu na Deule ya dawo mini sau biyu cikin wata guda.

Baba Halidu tsoho ne dogo, manomin gero, wanda za ka wuni da shi bai yi maka magana goma ba. Motonsa ja ne ɗan Sin, ya shekara takwas a hannunsa, amma don tsabta sai ka rantse bara aka saye shi. Ba shi ke goge shi ba. Matarsa ce, Inna Jima, kowace safiya in ta gama sharar tsakar gida sai ta bi moton da tsumma, har ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin inji. Tana da dalilinta. Ciwon suga gare ta da hawan jini, lokotoro, wato likita, ya ce duk mako biyu ta zo asibitin Buza a auna ta a ba ta magani, kuma moton nan shi ne ƙafarta. Ina ganinsu in sun shigo gari, shi a gaba ya miƙe kamar muciya, ita a baya ta zauna a karkace ta kama gefen rigarsa da yatsa biyu. Shekara arba'in da huɗu da aure, amma kunya ba ta barin ta riƙe ƙugunsa a gaban mutane.

Ba sa wuce rumfata ba su tsaya ba. Takan kawo wa Sa'ida man shanu a 'yar kwalba, ta toshe bakin da guntun kara da ta naɗe da tsumma. Kai, matar nan ta iya toshe kwalba. Sau da yawa sai na sa awartaki kafin Sa'ida ta samu man miya.

Farkon bazara Baba Halidu ya nuna mini ɗigon mai a gefen hagu na injin. Ban daɗe ina nema ba. Akwai sandar ƙarfe da ke fitowa daga akwatin bitas, wato giya, ta juya ƙaramin faifai mai haƙora wanda ke jan sarƙa, kuma a wuyan sandar akwai zoben roba da ke tare mai kada ya biyo ta. Shi muke ce wa juwan. Nasa ya bushe ya tsage, shekara takwas ai ya yi ƙoƙari. Na orijin, wanda masu moton suka ƙera, ba a samunsa a Buza, na aika Madawa ma babu. Sai adaftabul, wato na wasu maƙeran daban da suka auna suka yi irinsa. Ni ba na raina adaftabul, in ka iya sa shi yana kai ka shekaru. Na wanke gurbin da esansi, wato fetur, na naɗe haƙoran sandar da leda don kada su yanki leɓen robar, na shafa masa mai, na buga shi a hankali da guntun icce har ya zauna daidai. Na ce wa tsoho ya je, ya manta da ni.

Kwana goma sha biyu sai ga shi yana turo moton, mai ya wanke sarƙa har tayar baya. Juwan ɗin ya turo kai waje kamar an hura shi daga ciki. Na zagi wanda ya ƙera shi, na zagi wanda ya sayar mini, na jefa shi bayan rumfa. Na sa wani na wani kamfani, mai kauri, na ƙara tsaurara 'yar wayar da ke cikin leɓensa. Ko sau guda ban tambayi kaina me ya turo shi ba. Da ma ni a wurina laifi na roba ne ko na mai moto.

Na biyun shi ya yi ɓarna. Ranar awon Inna Jima suka taso da sassafe, ba ta ci komai ba don haka lokotoro yake so a zo masa. Suna bisa tudun duwatsun nan da ke tsakanin Deule da Buza sai tsoho ya ji kukan injin ya canza. Allah ya taimaka ya kashe shi nan take, da ya ƙone. Mai ya tsiyaye kaf. Wurin ba gida ba rijiya, sai wata aduwa mai inuwa kamar tafin hannu, waya kuma ba ta kamawa. Suka zauna har rana ta take, jiri ya ɗebe ta ta faɗi. Wani mai amalanken jaki ya tsince su. Kwana biyu ta yi a gadon asibiti.

Ɗansu na fari, Mu'awiya, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Buza. Ya zo rumfata ya faɗa mini maganganu a gaban 'yan kabu-kabu, na mayar masa da waɗanda suka fi su, aka raba mu. Daga baya na ji abin da ya yanke. Inna za ta dawo gidansa kusa da asibiti, ta zauna ke nan. Baba kuwa ba ya iya biyo ta, ga gona damina na tafe, ga awaki, gidan malamin kuma ɗaki biyu ne da yara cike. Sabon moto ƙarfinsu bai kai ba. Ban ga laifin Mu'awiya ba, ko da ina jin haushinsa. Shi ya ga uwarsa kwance a amalanke leɓenta ya bushe.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci wayata ta yi ƙara. Baba Halidu ne. Moton yana can Deule, an mayar masa da shi a motar kasuwa.

"Alƙasim, gobe yaron ga shina zuwa ɗaukar ta," ya ce. "Ko za ka zo ka gwada sau guda?"

Na so in ce masa ya kai wa wani bakanike tunda ɗansa ya ce ban iya ba. Sai na ce masa ina tafe. A shekarun da na san shi bai taɓa roƙona komai ba.

Washegari na isa Deule da hantsi, da juwan na uku a aljihu da galan ɗin mai a bayan motona. Mu'awiya ya riga ni, ya gaishe ni da ƙyar, ni ma na amsa da ƙyar. A tsakar gida, gindin rumbu, an ɗaure kayan Inna Jima: ƙunshin tufafi, tabarma, tukunya guda, da butar alwalarta a bisa. A bakin ɗaki kuwa buta guda ce ta rage, ta tsoho, ga shatin gindin ɗayar a ƙasa kusa da ita. Motar da za ta ɗauke su sai bayan azahar take biyowa. Inna tana zaune a kujerar tsugunno da zane shuɗi mai zanen kifi rawaya, ta yi mini sannu da zuwa ba ta ɗaga kai ba.

"Ni ban hana ka taɓa shi ba," in ji Mu'awiya, "amma ba ta ƙara hawansa."

"In ya gyaru fa?" Baba Halidu ya tambaya a hankali.

"Baba, sau biyu anka ce ya gyaru."

Na haɗiye abin da ya taso mini na shimfiɗa buhu na kwanta. Wannan karon na bi komai kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na shafa sandar da farce ko ta yi zaizaya, sumul take. Na girgiza ta ko tana wasa, ba ta motsi. Gurbin ba tsaga. Na sa juwan ɗin, na mayar da faifai da sarƙa, na zuba mai, na tayar da inji na bar shi yana aiki ina kallo. Bai yi minti goma ba na ga leɓen sabuwar robar ya fara gumi. Na kashe, na kai hannu na murɗe murfin da ake zuba mai, sai ya yi fuu kamar an buɗe kwalbar lemo.

Na tsaya da murfin a hannu. Inji ba ya yin haka. Iskar da ke taruwa cikinsa in ya yi zafi tana da hanyar fita, wani ɗan baƙin tiyo ne da ke fitowa daga bisa injin ya lanƙwasa ta baya ya sauka ƙasa, bakinsa a buɗe. Mu bakanikai tiyon numfashi muke ce masa. In ya toshe, iskar sai ta nemi wuri mai taushi ta ture, kuma ba abin da ya fi juwan taushi. Shekara ashirin da shida, abin da ya kamata in fara dubawa tun dawowar farko, ban duba ba.

Na zura hannu ƙarƙashi na jawo bakin tiyon. A ido lafiya lau yake, amma da na matsa shi sai na ji tauri can ciki, kamar tsawon yatsa daga baki. Na sa siririn awartaki na ja, ya ƙi. Na ƙara ja da ƙarfi ina cije leɓe, hannuna kuwa ya riga kaina gane irin wannan taurin. Abin ya fito. Guntun kara ne, an naɗe shi tsaf da tsumma, an tura shi ciki sosai don kada ya faɗo a hanya. Mai ya ɓata tsumman, amma a wani lungu da bai jiƙa ba na ga shuɗi da wutsiyar kifi rawaya.

Na ɗaga ido daga inda nake kwance. Inna Jima tana kallona, hannunta ya sauka a kan gefen zanenta, inda aka yage siririn ƙyalle. Na dunƙule abin a tafina na sa aljihu.

"Mi ka gani?" Mu'awiya ya matso.

"Tiyon numfashi ya toshe. Shi ke turo juwan waje."

"Mi ya toshe shi?"

"Tarkace," na ce. "Aikina ne in duba shi tun farko, ban duba ba. Laifina ne."

Ban taɓa faɗin kalmar nan a bakin aiki ba, sai da ta yi mini ɗaci a harshe. Mu'awiya ya dube ni kamar bai ji daidai ba, sannan ya fara. Ya ce uwarsa ta kusa mutuwa a bisa dutse don wani ya ƙi duba tiyo. Ya ce girman kai ya hana ni aiki da ido. Ya faɗi da yawa, kunnuwana suka yi zafi, amma na ce masa gaskiyarsa. Har yau in zancen gyaran moto ya taso a Buza yana ba da labarin tiyon da Alƙasim ya manta, 'yan kabu-kabu kuma sun samu abin tsokanata. Ban taɓa gyara masa labarin ba.

Na hura tiyon na ji iska na wucewa, na ƙara daidaita juwan ɗin, na goge wurin ƙal. Na ce masa kada ya yarda da bakina, ya hau da kansa ya wahalar da moton yadda ya ga dama, ya bi duwatsu, ya dawo mu duba. Ya ɗan yi jim, ya dubi ubansa, sannan ya hau ya nufi hanyar Tabotaki. Baba Halidu ya fita ƙofar gida ya tsaya jiransa.

Ina wanke hannu da toka sai ga Inna Jima da ƙwaryar fura. Ta ajiye, ta tsuguna nesa kaɗan.

"Alƙasim, ba ni abina."

"Wane abu, Inna?"

"Wanda ka sa aljihu."

Na yi kamar ban ji ba na ɗauki ludayi. Ta fara magana tana kallon ƙasa. Ta ce ranar da na yi gyaran farko, da safe tana gogewa ta ga tiyon bakinsa a buɗe da ɗan danshin mai. Sai ta ce a ranta, ga inda yake bi, Alƙasim bai gani ba don yana can ƙasa. Ta ji kunyar faɗa wa bakanike aikinsa, ta san kuma halina. Ta yanki kara ta toshe shi yadda take toshe kwalba, ta yi ta jin daɗi a ranta cewa ta taimaka. Da man ya ƙara zuba sai ta zaci toshiyar ce ba ta kama ba, ta sa tsinke ta ƙara tura ta ciki.

"Ashe da hannuna na kusa fidda kaina daga gidan ga," ta ce, hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba. "Ni ba asibitin nika tsoro ba. Malam ba shi iya dama fura. Ba shi faɗin yana jin yunwa. In na tahi, wa za shi gane?"

Tausayinta ya kama ni, na ajiye ludayin. Na ce mata ba ita ta fara ba, duk wanda ya ga rami yana ɗigar mai zai so ya rufe shi, kuma da ni mutum ne mai sauƙin magana da ta tambaye ni tun ranar.

"In ya dawo zan faɗa mishi," ta ce. Ba ta kama sunan Mu'awiya, ɗan fari ne. "Ya zage ka a kan abin da ba ka yi ba."

"Inna, na yi. Sau biyu moton yana hannuna ban duba ba. Kuma in kika faɗa, ba faɗa zai yi miki ba, cewa zai yi tsufa ya fara taɓa ki, ba a barin ki nesa da shi. Ki bar mini zagin, na sha wanda ya fi shi a kan abin da bai kai wannan ba."

Na kira ta gindin moton nawa, tunda irin injinsu guda, na nuna mata tiyon. Na ce ta goge bakinsa in ta ga danshi, ta cire masa laka in ta ga ya kwasa, amma ta bar shi a buɗe. Ta sa yatsa ta taɓa bakin, ta gyaɗa kai kamar 'yar lakwal.

Mu'awiya ya fi awa guda bai dawo ba. Da ya shigo, injin yana ƙamshin zafi, rigarsa ta jiƙe da gumi, na san bai tausaya wa moton ba. Ya buɗe jakarsa ya yago farar takarda daga littafin lakwal, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin injin ya danne da tsakuwa. Muka tsuguna mu huɗu muna kallon takarda, ni da malamin lakwal da tsofaffi biyu. Wata kaza ta zo za ta taka, Inna ta kore ta da hannu ba ta ɗauke ido ba. Ni da ba na addu'a a kan roba, ranar na yi.

Inuwar rumbu ta matsa kamar taki guda, takarda tana nan fara. Mu'awiya ya kwanta da kansa a ƙasa da rigarsa mai kyau, ya zagaya juwan ɗin da yatsa, ya fito da yatsan ya duba a rana. A bushe yake. Ya zauna ya dafe kai, sai a lokacin na ga yaron ya gaji, ba faɗa yake so ba, tsoro ne ya cika shi.

"In ya ƙara ko ɗigo guda," ya ce wa ubansa, "ko ɗigo guda, Baba."

"Na ji."

"Kuma ranar awo ku taho da ruwa da dabino. Ku kira ni kafin ku taso, in na ga kun daɗe in biyo hanya." Ya juya wajen uwarsa, muryarsa ta yi laushi. "Inna, ke mi kika ce?"

Ba ta dube shi ba. Ta miƙe ta ce a gaya wa mai tambaya rana ta yi, ba a ɗora tukunya ba. Ta je gindin rumbu ta zare tukunyarta daga cikin kaya ta nufi murhu.

Baba Halidu ya miƙe. Ya taka a hankali ya ɗauki butar da ke bisa ƙunshin, ya je randa ya cika ta, ya kawo bakin ɗaki ya ajiye ta cikin shatinta kusa da tasa. Ya ɗan juya ta har bakinta ya kalli inda tasa ke kallo. Ni kuwa na duƙa ina tattara kile da na riga na tattara, don kada malamin lakwal ya ga idona.

Sun tsare ni sai na ci tuwo, na ce aiki na jirana. Tsoho ya rako ni har bayan gari yana tafe gefen motona, hannuwansa a baya. Da muka kai inda hanya ta rabu na ɗora ƙafa zan tayar, sai ya dafa mini hannu.

"Zanen ga mai kifi," ya ce, "ni na sayo mata shi a kasuwar Tabotaki, sallar bara. Ko a tsumma na san shi."

Ya ɗan matsa hannuna sannan ya saki.

"Allah shi rufa maka asiri, Alƙasim."

Ya juya ya koma gida da tafiyarsa ta dogon mutum. Na daɗe zaune a kan moton ban tayar ba, guntun karan yana tokarina a aljihu.